Furojet a kan gwagwarmayar mata da intanshif a waje: ta ina zan fara, kuɗin kuma fa?

Hauwa_PolSci ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu wucewa ta nan. Ina aji uku a sashen kimiyyar siyasa a wata jami'ar tarayya nan arewa, an ce kowa ya kawo taken furojet ɗinsa kafin ƙarshen simestan nan saboda a raba mana sufabaiza. Ni dai tun ina aji biyu abin da ke raina shi ne gwagwarmayar mata, tun daga su Hajiya Gambo Sawaba zamanin NEPU har zuwa masu fafutukar 'yan matan Chibok da 'yan ArewaMeToo, to taken da na rubuta shi ne "Gwagwarmayar mata a Afirka ta Yamma daga mulkin mallaka zuwa yau". Na kai wa wani lakcaranmu ya karanta ya yi murmushi ya miƙo min takardata ya ce in je in ƙara tunani, shikenan abin da ya ce, har yau ban gane me murmushin yake nufi ba wlh.

Na biyu kuma, inaso a dogon hutun da za mu yi kafin shiga aji huɗu in samu wata ƙungiyar mata a wata ƙasa in yi intanshif ko na wata biyu ne, in ga yadda suke aiki da idona in kuma haɗa da tattara bayanan furojet ɗin, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Kos ɗinmu ba ma zuwa SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, don haka makaranta ba ruwanta, komai a kaina yake. Abin da nake da shi bai taka kara ya karya ba, ɗan adashin da muke yi a hostel ne da ribar turaren wuta da humra da nake sayarwa, sai dubu 20 ɗin NELFUND ta wata-wata wadda ita ma abinci da handawut ke cinyewa. Baba ɗan fansho ne ba zan ma iya buɗe baki in ce ya biya min jirgi ba.

An turo wani link a gurup ɗin ajinmu na intanshif a Turai, wai har masauki za su bayar amma sai an fara biyan kuɗin rijista da dala, shi ma inaso in ji ko akwai wanda ya san gaskiyarsa.

A taƙaice dai: taken ya yi ko a canja? Wace ƙasa ce mai irin aljihuna za ta iya zuwa? Kuma wa ke ba ɗalibin digirin farko tallafin irin wannan? Na gode, Allah Ya bar zumunci.

Malam_Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama Hauwa. Murmushin nan na san shi don nima ina yi wa ɗalibaina, ma'anarsa taken da kika kawo aikin digirin digirgir ne har guda uku, ke kuma babi biyar aka ce ki rubuta cikin simesta biyu kina ɗaukar wasu kwasakwasan. Ƙasashe goma sha shida, shekara sama da ɗari, ƙarshenta kwafe-kwafe za ki yi daga intanet ranar difens a tambaye ki wa kika yi hira da shi ki yi shiru.

Ki matse shi: ƙungiya ɗaya ko al'amari ɗaya, wuri ɗaya, shekaru ƙididdigaggu. Kuma kayan aiki a gida suke jibge. In tarihi ke burge ki ga reshen mata na NEPU a Kano da Zariya a shekarun 1950, ga tambayar da ɗalibai da yawa ba su ma san da ita ba, wato me ya sa matan kudu suka yi zaɓe tun kafin 'yancin kai amma matan arewa sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi. Ga Jam'iyyar Matan Arewa ta su Hajiya Laila Dogonyaro a Kaduna. Ga ƙungiyar WIN (Women in Nigeria) da aka haifa daga wani taro a jami'ar Ahmadu Bello a 1982, ga FOMWAN, gamayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, da aka kafa a Minna a 1985 Hajiya Aisha Lemu ta zama amirarta ta farko, kwatanta waɗannan biyun kaɗai ya ishe ki furojet, don kusan lokaci ɗaya suka taso amma kowacce da inda ta fuskanta.

Da ni ne ke kuwa, shari'ar Amina Lawal zan ɗauka. An yanke mata hukuncin jifa bisa zargin zina a 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Katsina ta sallame ta a Satumbar 2003. Abin da ya sa nake son wannan shi ne yadda aka yi nasarar, ƙungiyoyin kare haƙƙin mata WRAPA da BAOBAB da lauyoyinsu ba su je kotu suna zagin shari'a ba, a cikin fiƙihun Malikiyya suka tsaya suka yi gardama, batun janye iƙirari, batun kwantaccen ciki, batun alƙali ɗaya ya zauna inda doka ta ce a zauna fiye da haka. Har ta kai BAOBAB ta fitar da wasiƙa tana roƙon mutanen waje su daina yaɗa takardun koke masu ɗauke da bayanan da ba daidai ba saboda suna ɓata musu aiki. Kin ga nan akwai tambaya ta gaske ta kimiyyar siyasa, yaushe matsin lamba daga waje ke taimako yaushe yake zama cikas. Kuma da yawan waɗanda suka yi aikin suna nan, ofishin WRAPA na Abuja.

Wajen neman bayanai: Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa duk a Kaduna, Mambayya a Kano in NEPU ce, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya don tsoffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ki tafi da takardar gabatarwa daga HOD mai hatimi, ba ta ba za ki sha zaman benci.

Sai babban gargaɗina. Kada ki ɗaura furojet ɗinki a wuyan tafiyar nan. Ki tsara shi yadda ko ba ki taka ko'ina ba zai tsaya da ƙafarsa, in tafiyar ta yiwu sai ta zama ƙarin babi ko kwatance. Dogon hutun da kike lissafi da shi ba a hannunki yake ba, yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, da aka dawo makarantu da dama matse kalanda suka yi hutu ya koma 'yan makonni. Na ga ɗalibar da ta rubuta a furofozal cewa rabin bayananta daga wata ƙasa za su fito, tafiya ta rushe, ta dawo tana neman a canja mata take ana saura kaɗan a miƙa, abokan karatunta suka tafi bautar ƙasa suka bar ta.

dan_fagge01 ya rubuta:

link din nan damfara ce kanwata kar ki kuskura, kanwar abokina haka aka karbe mata kudi aka turo mata wata takarda mai tambari kala kala daga nan lambar ta daina shiga. duk inda za ki yi musu aiki kyauta kuma su ce ki biya to ki gudu.

amma ni tambayata ma daban ce, wai dole sai an fita waje ne? matan da ke nan kauyukanmu sun gama samun hakkinsu ne? kuma kin yi maganar kudi kin yi maganar take amma ban ji kin ce Baba ya amince ba, mace budurwa ta tafi wata kasa wata biyu ita kadai, a gidanmu dai ko Abuja ce sai an zauna. ki fara da can kafin ki sayi fasfo. sannan a yi hattara da kungiyoyin nan wasu ajandarsu ba tamu ba ce, ba fada nake nema ba ra'ayina ne

Ɗiyar_Katsinan_Maraɗi ta rubuta:

Salamu alaikum ƙanwata Hauwa. Ni daga Maraɗi nike, na yi karatuna na lisans, wato digirin farko, a Yamai kuma na yi sitaj, wato intanshif, cikin wata ƙungiyar mata can. Abin da ya ban dariya, kuna cewa waje waje hankalinku na Turai, alhali ga waje nan bayan Jibiya, ki hau mota da safe ki yi azahar Maraɗi, kuma da hausarki za ki yi hira da kowa ba tafinta.

Kuma wallahi muna da labarin da ya isa a rubuta. Ran 13 ga watan Mayu 1991, lokacin da anka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa sai anka sa mace guda tal a ciki, mata sunka hito dubbai cikin Yamai sunka yi tattaki har ofishin firaminista, dole anka ƙara musu kujeru. Shi ya sa har yau 13 ga Mayu ita ce ranar matan Nijar, ana ɗinka anko ana biki, mu ba 8 ga Maris kaɗai muke yi ba. Bayan nan a shekara ta 2000 anka yi dokar kaso, kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, a zaɓen 1999 mace guda ta shiga majalisa cikin 83, a na 2004 sunka zama 14 cikin 113, daga baya anka ɗaga kason har ya kai 25 da 30 a 2019. Ku kuma can Najeriya majalisarku ta yi watsi da ƙudurorin mata a Maris 2022 har mata sunka tare ƙofar majalisa, kuma a majalisar da anka zaɓa a 2023 sanatoci mata huɗu ne cikin 109. To ga tambaya nan: ƙasa biyu maƙwabta, yare guda addini guda a iyaka, mi ya sa doka ta wuce nan ta kasa wucewa can? Amma kar ki ɗauka mun fi ku ta ko'ina, dokar iyali an yi ta kai ruwa rana da ƙungiyoyin addini tun shekarun 1990 ba ta wuce ba, yarjejeniyar Maputo ma majalisarmu ta ƙi ta a 2006 alhali ku kun sa hannu kun tabbatar tun 2004. Wanga sarƙaƙiya ita ce daɗin abin. Ki nemi littafin Ousseina Alidou na 2005 a kan matan Musulmin Nijar, da turancin Ingilishi yake, zai buɗe miki hanya.

Inda za ki buga ƙofa: CONGAFEN, ita ce gamayyar ƙungiyoyin mata, sai LASDEL cibiyar bincike ce a Yamai suna da rahotanni da yawa kyauta a shafinsu, sai jami'ar Abdou Moumouni, ko ma ta Dan Dicko Dankoulodo nan Maraɗi in ba ki son nisa, don Maraɗi zuwa Yamai ya wuce kilomita 600 yini guda ne cikin bas.

Gaskiyar da zan gaya miki kuma, hira da hausa ne amma takardun ofis duk faransanci ne, ko da yake an mai da hausa harshen ƙasa a 2025, rahoto da doka da wasiƙa har yanzu faransanci za ki tarar, to ki fara koyo tun yanzu ko na karatu ne kawai. Na biyu tun juyin mulkin Yulin 2023 abubuwa sun canja, an fita daga CEDEAO wato ECOWAS, ana sa ido sosai kan ƙungiyoyi da baƙi masu yawo da rikoda suna tambayoyi, kar ki shigo haka nan ki kama yi wa mutane tambayar siyasa. Ki samu takardar gayyata daga ƙungiyar da za ta karɓe ki, ki tambaye su batun izinin bincike tun kina gida, ki riƙe takardunki cikakku saboda shingayen hanya, kuma kar ki yi tahiyar dare. Sannan naira ta faɗi gaban sefa, lissahin da yayyenki sunka sani na da ba shi ne na yanzu ba, ki tambayi 'yan canji nawa jikka, wato sefa dubu, take kafin ki rubuta kasafi.

Shi kuma ɗan Fagge, maganar Baba gaskiya ce, amma wane gida ne a Katsina ko Kano ko Daura da za a rasa dangi ko aminin kasuwa a Maraɗi ko Damagaram? In gidan dangi za ta sauka an kashe maganar masauki an kashe ta amincewa.

Anti_Bilki ta rubuta:

Hauwa ƙanwata sannu da ƙoƙari, kin burge ni da kika fara tunanin tun kina aji uku, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni a ɓangaren ƙungiyoyin nan nake aiki a Abuja, bari in yi miki maganar kuɗin ba ɓoye-ɓoye.

Babu wata hukuma a ƙasar nan da na sani da ke ɗaukar ɗalibin digirin farko ta biya masa tafiyar bincike. TETFund ta malamai ce da gine-gine, hukumar sikolashif ta jiharku ɗan alawus ne in ya fito, NELFUND kuma bashi ne kar ki manta. Manyan sunayen da za ki gani a intanet su ma ki san yadda suke kafin ki ɓata data: AWDF da ke Accra ƙungiyoyi take ba tallafi ba ɗaiɗaikun ɗalibai ba, taron horon CODESRIA na Dakar kan jinsi na masu digiri na biyu ne zuwa sama, intanshif a sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya ba a biyan ko sisi kai za ka ci da kanka a New York ko Geneva, UNICEF da UNDP suna ba da ɗan alawus amma masu nema kamar me, kuma galibi sai kina shekarar ƙarshe. Ki nema, ba a hana ba, amma kar ki jingina da su.

Abin da na ga yana aiki shi ne tara ƙanana. Ki zauna ki rubuta kasafi shafi ɗaya tak: fasfo, katin rigakafin shawara wato yalo kad, mota zuwa da dawowa, abinci, zirga-zirgar cikin gari, data, ɗan abin da za ki riƙe wa masu masauki, da wani abu na ko-ta-kwana. Fasfo kaɗai mai shafi 32 ya koma dubu 100 tun Satumbar 2025, don haka shi ne farkon abin da adashinki zai tafi a kai. Sai ki haɗa kasafin da shafi ɗaya na bayanin aikin da takardar HOD da takardar gayyata, ki raba shi gida-gida. Mutum ba zai ba ki rabin miliyan ba, amma in kika ce ranka ya daɗe kuɗin mota kawai nake nema ga adadinsa ga takardar waɗanda suka gayyace ni, sau da yawa ana samu, ɗan majalisar jiharku, shugaban ƙaramar hukuma, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban sakandarenku, hajiyoyin unguwa 'yan kasuwa, kawunnai. Kowa ki ba shi layi ɗaya a cikin kasafin.

Sai dabarar da ɗalibai ba sa lura da ita. Malamanku da suka ci tallafin bincike na TETFund ko na wasu ƙungiyoyi kullum suna neman masu taya su tattara bayanai, musamman mace mai jin Hausa da za ta iya shiga cikin gida wajen matan aure inda namiji ba zai shiga ba, ta yi hira ta dawo ta rubuta abin da aka naɗa kalma bayan kalma. Ana biya, kuma kin koyi aikin da za ki yi a naki furojet ɗin. Ki je cibiyar nazarin jinsi in jami'arku na da ita, BUK dai na da, ki ce kina son aikin.

Wannan ɗin dai shi za ki sayar a imel ɗin neman intanshif. Kar ki rubuta doguwar wasiƙar "tun ina ƙarama nake da burin", muna samun irinsu ba ma kai ƙarshe. Layi shida: ni wance, ga abin da nake karanta, ga watannin da nake da su, na iya Hausa da Turanci zan iya fassara da rubuta hira da kula da shafukanku na sada zumunta, ba na neman albashi, ga takardar makaranta. Ki tura wa ƙanana da matsakaitan ƙungiyoyi da yawa, bayan sati biyu ki sake tuntuɓa.

In faransanci ya ba ki tsoro ki duba Ghana. Ba biza, kwana 90 kike da su a matsayin 'yar ECOWAS, Turanci ake yi, kuma Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra Hausa za ki ji ta ko'ina. Akwai ABANTU da NETRIGHT, su ne suka ja gaba wajen kundin buƙatun matan Ghana na 2004, an yi dokar cin zarafi a cikin gida a 2007, an kuma zartar da dokar daidaiton wakilci a 2024 bayan shekaru ana jan ƙafa. Har ila yau akwai FOMWAG, takwarar FOMWAN ɗinmu, kin ga in kika ɗauki shawarar Malam ta FOMWAN ga babin kwatance ya faɗo miki. Illar Accra tsada, haya ba a magana, in ba ki da wanda za ki sauka wajensa a zango to ki manta. Ta mota kuma sai kin sauka Legas kin ƙetare iyaka uku, Seme, Hilakonji, Aflawo, kowacce da nata ɗan tsaiko.

Ɗan Fagge, kowace ƙungiya da ajandarta har wadda ke cikin unguwarku, aikin mai bincike ai shi ne ta je ta gano wa ke ba su kuɗi me suke yi da shi. Ba shiga ta ce za ta yi ba.

Hauwa_PolSci ta rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Link dai na goge shi na kuma faɗa a gurup. Yaya ɗan Fagge ban yi wa Baba maganar ba tukuna gaskiya, ta wajen Mama na fara, ita ce ma ta tuna min ƙanwar kakarmu tana aure a Maraɗi 'ya'yanta na zuwa mana duk bikin da aka yi, don haka ina ganin can hankalina ya fi kwanciya.

Malam ga abin da na sake rubutawa: "Ƙungiyoyin mata da neman kason kujeru a majalisa: ƙudurorin 2022 a Najeriya, da waiwaye kan dokar kaso ta Nijar ta 2000". Ya yi ko har yanzu da sauran murmushi? Kuma mutum nawa ya kamata in yi hira da su? Anti Bilki dan Allah zan iya turo miki imel ɗin ki duba min kafin in aika?

Malam_Tarihi ya rubuta:

Yanzu kika zo. Najeriya ce gangar jikin aikin, Nijar waiwaye, in an je alhamdulillahi in ba a je ba takardu da hira ta waya sun wadatar. Hira da mutum goma zuwa sha biyar da kika zauna da su sosai ta fi kwashaniya ɗari biyu da 'yan ajinku suka cike miki a kafteriya. Ki haɗa da waɗanda suka ƙi ƙudurorin, 'yan majalisa ko malaman addini, in ba haka ba ekstanal zai ce gefe ɗaya kika ji. Kowa ki nemi izininsa kafin ki kunna rikoda, wanda ya ce a sakaya sunansa ki sakaya, ki kuma ajiye sautin a wuri biyu ba waya kaɗai ba. Ki kai wa sufabaiza taken a rubuce ya sa hannu kafin ki kashe ko naira ɗaya a kan fasfo.

Anti_Bilki ta rubuta:

Turo ta inbox, da CV ɗin gaba ɗaya, amma sai bayan magariba nake samun zama.